The Visitors ko Voyage: Wane Kundin ABBA Ya Kamata Ka Fara Mallaka?

Yawancin masu sauraron ABBA a yau ta ƙofa ɗaya suka shigo, wato ABBA Gold, tarin waƙoƙi 19 da aka fitar a 1992, wanda ya shafe fiye da mako 1,000 cikin jerin kundayen da suka fi kasuwa a Birtaniya. Wasu kuma tun zamanin kaset suke jin waƙoƙin, ba su taɓa damuwa da sanin kundin da kowace ta fito ba. To idan mutum ya ƙoshi da "Dancing Queen" da "Fernando" da "Chiquitita", daga nan sai ina? Kundi tara wannan rukuni na ƙasar Suwidin ya yi a situdiyo, kuma biyun ƙarshe su ne suka fi raba kan masoya. The Visitors ya fito ranar 30 ga Nuwamba 1981, Voyage kuma ranar 5 ga Nuwamba 2021. Shekara 40 ke tsakaninsu, kowanne bai cika minti 40 ba, kuma mutane huɗun nan ne dai ba a sauya ko ɗaya ba: Agnetha Fältskog da Anni-Frid Lyngstad, wadda aka fi sani da Frida, su ne masu rerawa, Benny Andersson shi ne mai kiɗa, Björn Ulvaeus kuma mai rubuta baitoci.

Ra'ayina ba ɓoyayye ba ne. Idan ɗaya kawai za ka saya, ko ɗaya kawai za ka ba lokacinka ka saurara daga farko har ƙarshe, ka ɗauki The Visitors. Amma akwai mutanen da Voyage ne ya fi dacewa da su, kuma ba ƙaramin adadi ba ne. Kafin a kai ga sanin ɓangaren da kake, sai an fahimci abin da ya sauya a kiɗan mutanen nan da abin da bai sauya ba.

Ma'aunin da ake auna su da shi

Duk wanda ya ce waƙa kaza ta yi kama da ABBA, sautin kundin Arrival na 1976 yake nufi, ko ya sani ko bai sani ba. Shekara biyu ke nan a lokacin bayan sun lashe Eurovision, gasar waƙa ta ƙasashen Turai, a garin Brighton da waƙar "Waterloo". A Arrival aka sami "Dancing Queen", wadda ita kaɗai ce waƙarsu da ta taɓa zama ta ɗaya a Amurka, da "Money, Money, Money" da "Knowing Me, Knowing You". Abubuwa biyu suka gina wannan sauti. Na farko aikin injiniyansu ne, Michael B. Tretow, wanda kan naɗi kayan kiɗa sau biyu, ya ɗan sauya gudun tef a karo na biyu, ta yadda idan aka ɗora su a kan juna sautin zai yi kauri ya cika kunne. Na biyu muryoyin matan ne. Ta Agnetha siririya ce mai hawa sama, ta Frida ta fi kauri da ɗumi. Idan suka rera layi ɗaya tare, sai ka ji wata murya ta uku wadda ba ta kowaccensu ba. Wannan murya ta uku ita ce tambarin ABBA, kuma da ita za mu auna kundayen biyu.

The Visitors: inda suka juya wa tambarin nasu baya

Sai an san halin da suke ciki kafin a gane wannan kundi. Rukunin ma'aurata biyu ne. Björn da Agnetha sun sanar da rabuwarsu a farkon 1979. Benny da Frida sun sanar da tasu a Fabrairun 1981, kuma a watan Maris na shekarar aka shiga situdiyo. Hoton bangon kundin ma ya faɗi komai: an ɗauke shi a ɗakin aikin wani mai zane, Julius Kronberg, a Skansen da ke Stockholm, ga duhu-duhu, ga su huɗu kowa a kusurwarsa, babu mai kallon wani.

Waƙar farko, wadda kundin ya ci sunanta, ta kusa minti shida, kuma ba ta soyayya ba ce. Labarin mutum ne da ke zaune a gida cikin fargaba yana jiran jami'an gwamnati su ƙwanƙwasa ƙofa, kamar yadda ake yi wa masu adawa a Tarayyar Sobiyet a wancan zamani. An bi muryar Frida da na'ura har ta yi wani sanyi na nesa, tana jan kalmomi tana lanƙwasa su, ƙarƙashinta kuma sintesaizar Benny, wato na'urar kiɗa ta lantarki, na tafiya kamar ba za ta tsaya ba. Sai an yi nisa amshi ke faɗowa da ƙarfi. Wanda ya saba da waƙoƙin da amshinsu ke zuwa cikin daƙiƙa arba'in zai fara tunanin ko ya sa kundin wasu ne. "Soldiers" ma haka take, gangarta na ɗingishi da gangan, baitocinta na magana a kan yadda jama'a ke kau da kai daga shirin yaƙi har ya zo musu ƙofar gida.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne muryar nan ta uku ta ja da baya. A yawancin waƙoƙin mace ɗaya ce ke riƙe da baiti, ɗayar sai a amshi take shigowa. A waƙar ƙarshe, "Like an Angel Passing Through My Room", Frida ce ita kaɗai tun daga farko har ƙarshe, babu mai amsa mata, sai kiɗa siriri da wani sauti mai kama da bugun agogo. ABBA ba su taɓa yin waƙa da murya ɗaya tal ba sai ita. Wannan ba ƙaramar kasada ba ce ga mutanen da haɗuwar murya ce jarinsu.

Ta fuskar na'ura ma sun yi tsalle. A situdiyonsu na Polar, wanda suka buɗe a 1978, sun koma naɗi na dijital, abin da a lokacin sabo ne ƙal. Shi ya sa sautin ya fi tsabta da kaifi, kowane kayan kiɗa ana jin sa a wurinsa, amma ɗumin nan na Arrival ya ragu. A 1982 kundin ya shiga sahun na farko-farko da aka buga a faifan CD a duniya. Wasu suna ganin wannan sanyi aibi ne. Ni ina ganin ya dace da abin da ake faɗa a ciki, domin ba a ba da labarin gida ya watse da kiɗan biki.

Waƙoƙi uku ne zuciyar kundin. "When All Is Said and Done" a kan rabuwar Benny da Frida aka rubuta ta, kuma Frida ce ta rera. Ka tsaya ka yi tunanin wannan: mace tana rera waƙar mutuwar aurenta, a kan kiɗan da tsohon mijin ya tsara, watanni kaɗan bayan abin ya faru. Babu kuka a ciki, babu zargi. Mutane biyu ne da suka manyanta suna sallama da mutunci, kiɗan kuma na tafiya da sauri kamar mai gudun kada hawaye su cim masa. "One of Us", ta bakin Agnetha, matar da ta bar gida da ƙafarta ce, daga baya take kwana tana kallon rufi tana da-na-sani. Ita kaɗai ce daga wannan kundi ta shiga ABBA Gold, ka ga ke nan wanda ke da Gold waƙa takwas sababbi zai samu a nan. Sai "Slipping Through My Fingers", wadda Björn ya rubuta bayan ya ga 'yarsu Linda ta ɗauki jaka ta tafi makaranta. Uwa ce ke kallon 'yarta na girma tana kuɓuce mata, tana lissafa abubuwan da ta yi niyyar yi da ita ba ta samu ta yi ba. Duk wanda ya taɓa raka yaro bakin ƙofa da safe zai ji wannan waƙa a ƙirjinsa, ko Turancinsa bai yi nisa ba.

Kundin yana da rauninsa. "Two for the Price of One", wadda Björn ya rera, labarin barkwanci ne na wani mai neman abokiyar zama ta tallar jarida, kuma a tsakiyar waƙoƙi masu nauyi irin waɗannan ba ta da gurbi. "Head over Heels" tana da daɗin kiɗa amma ba ta da zurfi, kuma ko a Birtaniya, inda ABBA suka saba mamaye kasuwa, ba ta shiga cikin 20 na farko ba. "I Let the Music Speak" kuwa ta fi kama da waƙar dandalin wasan kwaikwayo, alama ce ta inda hankalin mazan biyu ya riga ya karkata, domin a 1984 suka fitar da kundin waƙoƙin wasan kwaikwayo mai suna Chess tare da marubucin baitoci Tim Rice. Ni ina son ta, amma na san ba kowa zai jure tsawonta ba.

Voyage: dawowa bayan an fid da rai

A ƙarshen 1982 suka ce za su ɗan huta. Hutun ya kai kusan shekara 35 kafin su huɗu su sake naɗar waƙa tare. Abin da ya dawo da su ba sha'awar kundi ba ce tun farko. Ana shirya wani wasa ne a Landan inda za a nuna surarsu ta ƙuruciya da kwamfuta ta ƙera, sai suka ga ya kamata a sami sabuwar waƙa ko biyu a ciki. A 2017 aka naɗi "I Still Have Faith in You" da "Don't Shut Me Down" a situdiyon Benny da ke tsibirin Skeppsholmen a Stockholm. Da suka ji abin ya yiwu, sai biyu suka zama goma. Ranar da kundin ya fito Agnetha na da shekara 71, Benny 74, Frida 75, Björn 76.

Kasuwa ta karɓe shi hannu bibbiyu. Ya zama na ɗaya a Birtaniya da kwafi sama da 200,000 a makon farko, a Amurka kuma ya kai na biyu, matsayin da babu wani kundin ABBA da ya taɓa kaiwa can ko a zamanin tashensu. Da shi ne kuma aka fara sa sunansu cikin 'yan takarar kyautar Grammy. Amma ciniki ba shi ne inganci ba, kuma kowa ya san akwai kewar shekara 40 a cikin waɗannan alƙaluma.

Abin da za ka fara lura da shi shi ne ba su bi zamani ba ko kaɗan, kuma su da kansu sun faɗi cewa da gangan ne. Babu baƙon mawaƙi, babu gangar kwamfuta irin ta yaran yanzu, babu wani matashin furodusa da aka ɗauko don ya gyara musu fuska. Fiyano ne da jita da ganga da goge, kamar an rufe ƙofa a ƙarshen shekarun 1970 an sake buɗewa. Har tsohon makaɗin jitarsu Lasse Wellander, wanda ya rasu a 2023, yana ciki. Wanda babu shi ne Tretow. Bernard Löhr ne ya riƙe aikin injiniya. Na yaba musu wannan tsayuwa, domin ba abin da ya kai tsoho mai kwaikwayon jikokinsa ban tausayi. Sai dai a lura da kyau: ba daga inda The Visitors ya tsaya suka ci gaba ba. Baya suka koma, suka tsallake shi, suka nufi sautin da jama'a suka fi so.

Kuma ba su ɓoye hakan ba. A "Don't Shut Me Down" akwai jan yatsa a kan fiyano irin wanda ya buɗe "Dancing Queen". "Keep an Eye on Dan" ta ƙare da ɗan karin fiyanon "SOS". Sarewar da ta buɗe "Bumblebee" za ta tuna maka "Fernando". Ita kuwa "Just a Notion" tsohuwa ce ma ɗungurungum: muryoyin na 1978 ne, daga lokacin aikin kundin Voulez-Vous, aka ajiye su, yanzu aka yi musu sabon kiɗa. Ɗumame ne, kuma wanda ya san tuwo ya san ɗumame yana da daɗinsa, sai dai ba a kiran sa sabon girki.

To ina ci gaban yake? Yana wuri biyu, kuma a nan ne nake ganin masu raina Voyage ba su yi masa adalci ba.

Na farko muryoyin. Shekaru sun saukar da su ƙasa, sun yi kauri, akwai ɗan karkarwa a wasu wurare, kuma ba a yi ƙoƙarin shafe ta gaba ɗaya ba. Idan Frida ta buɗe "I Still Have Faith in You" a hankali, tana tambayar kanta ko har yanzu da sauran ƙarfi a jikinta, murya ce ta wadda ta binne 'ya da miji ta ci gaba da rayuwa. Yarinya 'yar shekara 30 ba za ta iya rera wannan ba ko ta fi kowa iya waƙa. Kuma da amshi ya zo su biyun suka haɗu, muryar nan ta uku tana nan, ta tsufa amma ba ta mutu ba. Abin da The Visitors ya janye, Voyage ya dawo da shi. Ga mai son ABBA na gaske, wannan minti ɗaya ya isa dalilin mallakar kundin.

Na biyu baitocin Björn. A nan bai koma baya ba ko taki ɗaya. "Keep an Eye on Dan" uwa ce da aurenta ya mutu ta kai ɗanta wurin ubansa don hutun ƙarshen mako, ta ja mota, da ta ɓace musu da gani sai ta tsaya a gefen hanya tana dukan sitiyari. "I Can Be That Woman" mata da miji ne bayan faɗan dare, matar ta daina shan giya tana duban shekarun da suka salwanta, karen gidan ma na tsakiya yana kallon kowa. "No Doubt About It" mace ce ke amsa cewa ita ke tono rigima, kuma haƙurin mijin ma wani lokacin haushi yake ba ta. "Don't Shut Me Down" wata ce zaune a benci tana jira har duhu ya yi kafin ta sami ƙarfin halin hawa bene ta ƙwanƙwasa ƙofar wanda ta bari tuntuni. Waɗannan ba waƙoƙin samari da 'yan mata ba ne. Kiɗan pop bai cika kula mutanen da suka haura 50 ba, kuma da wuya ka sami kundi mai farin jini haka da ke magana a kan rabon 'ya'ya bayan saki. Idan aka bi zaren, daga "Knowing Me, Knowing You" a 1976, zuwa "The Winner Takes It All" a 1980, zuwa "One of Us", zuwa waɗannan, labari ɗaya ne ake ci gaba da bayarwa, masu labarin ne suke ƙara shekaru.

Raunin Voyage ya fi na The Visitors yawa, wannan ba na shakka. "Little Things" waƙar Kirsimeti ce da yara ke rufe ta da amshi, zaƙinta ya yi yawa, ko da yake sun sadaukar da kuɗinta ga UNICEF kamar yadda suka yi da "Chiquitita" a 1979, kuma wannan abin a yaba ne. "When You Danced with Me" ta ɗauko salon kiɗan gargajiyar Ayilan, tana da armashi a ji na farko, amma ba ta daɗewa a rai. "Bumblebee", a kan fargabar ɓacewar wani nau'in ƙudan zuma, niyyarta kyakkyawa ce, kiɗanta kuma ya yi laushi har ya kusa narkewa. "Ode to Freedom" da ta rufe kundin tawagar makaɗan goge ce ta ɗauki rabinta kafin a fara rerawa. Tana da girma, ga wanda ke da haƙurin irin wannan kiɗa. Idan na ƙirga da gaskiya, waƙa huɗu ko biyar ne a cikin goma za su iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da tsofaffin. A The Visitors shida ko bakwai ne cikin tara.

Idan aka jera su

A wajen ƙarfin hali, The Visitors ya yi nisa. Mutane ne a kan ganiyarsu, kowa na jiran su sake yin abin da ya kawo musu kuɗi, suka ƙi. A Voyage kuwa babu abin da za su rasa, kuma sun ba jama'a abin da jama'a ke so. A wajen murya, idan ƙarfi da tsabta kake nema, 1981 ne, lokacin Agnetha na da 31 Frida na da 36, babu inda muryarsu ba ta kaiwa. Idan kuma abin da murya ke ɗauke da shi kake nema, 2021 na da abin da wancan ba shi da shi. A wajen sauƙin shiga, Voyage ya fi: ka sa shi a mota ko ana aikin gida, zai tafi da kai ba tare da ya nemi komai daga gare ka ba. The Visitors yana son a zauna masa, zai fi kyau da abin sawa a kunne, kuma sau da yawa ba a son sa a ji na farko.

Akwai wata shaida da nake ganin ta fi duk gardamar masu sharhi. Lokacin da aka buɗe wasan nan na Landan a Mayun 2022, a zauren da aka gina musamman dominsa mai cin mutum 3,000, waƙoƙi biyu kacal aka ɗauko daga sabon kundin, alhali sunansu ɗaya da wasan. Waƙar da aka zaɓa ta buɗe dandalin kuwa ita ce "The Visitors". Ba "Waterloo" ba, ba "Mamma Mia" ba. Mutanen da suka yi waƙoƙin sun san wadda suke so a fara ganin su da ita.

Ga wanda zai saurara tare da iyali, ya kamata ya san abin da ke ciki. Babu batsa a ko ɗaya daga cikin kundayen. Sai dai a Voyage akwai waƙar Kirsimeti, wadda ta ɗan taɓa sha'anin mata da miji a fakaice, da wadda ke maganar shaye-shaye, duk da cewa nadama ce jigonta. A The Visitors kuma barkwancin "Two for the Price of One" na manya ne. Duk ana iya tsallake su ba tare da an yi asarar komai ba.

Wa zai ɗauki wanne

Idan ABBA Gold kawai ka sani, kuma abin da kake so shi ne ƙarin irinsa, gaskiya ba ɗaya daga cikin biyun nan ya kamata ka fara nema ba. Arrival za ka nema, ko Super Trouper na 1980. Bayan su sai Voyage, domin shi ne ya fi kusa da su a sauti.

Idan kai mai son ka ji yadda mawaƙi ke sauyawa ne, ko kana cikin masu ganin ABBA 'yan kiɗan rawa ne kawai marasa nauyi, The Visitors ne naka. Shi ne kundin da ya sa mutane da yawa da suka raina su suka sake tunani. Haka ma matashin da ke koyon haɗa kiɗa a kwamfuta: zai koyi abubuwa da dama daga yadda Benny ya jera sautukan lantarki a 1981 ba tare da sun danne murya ba, fiye da abin da zai koya a Voyage.

Idan kuwa ka girma da waɗannan muryoyi, ka yi aure, ka haifa, wataƙila ka ga rabuwa a gidanka ko a danginka, kada ka bari maganata ta farko ta hana ka Voyage. Kai aka yi wa shi. Abin da wani zai kira rauni a muryar matan, kai za ka ji shi a matsayin gaskiya. Sun kuma ce shi ne na ƙarshe, ba za su sake wani ba.

Ga mai iya ɗaukar duka biyun, jerin saurare yana da tasiri sosai. Ka fara da The Visitors, ka ba shi kwanaki, sannan ka shiga Voyage. Idan ka juya jerin, sanyin na 1981 zai zo maka kamar koma baya, alhali shi ne gaba. Idan ka bi yadda suka zo, za ka shiga "I Still Have Faith in You" kana sane da abin da ya raba mutanen nan, kuma waƙar za ta yi maka wani nauyi daban.

Saura maganar bugu. Voyage iri ɗaya ne ko'ina, waƙa goma, ko a faifai ko a Spotify da makamantansa. The Visitors kuwa an sake fitar da shi sau da dama, kuma ina ba da shawara ka nemi bugun da aka ƙara wa waƙoƙin 1982, musamman "The Day Before You Came". Ita ce ta ƙarshe da suka naɗa kafin dogon hutun. Ta kusa minti shida, ba ta da amshi irin wanda aka saba, kusan duk kiɗanta daga na'urorin Benny ne, Agnetha kuma na lissafa abubuwan da ta yi a wata rana da ba ta da wani abin tunawa, tun daga fita aiki har kwanciya barci, da muryar da ta ƙi nuna komai. A lokacin ba ta yi kasuwa a Birtaniya ba, ta tsaya a ta 32, amma yau da yawa daga masoyansu suna sa ta cikin mafi kyawun abin da suka taɓa yi. Ba ta cikin asalin kundin mai waƙa tara, don haka ka duba jerin waƙoƙin da ke bayan faifan, ko a manhajar, kafin ka biya kuɗi ko ka kashe data wajen saukewa.